Filin Tambaya da Amsa: Shin Waƙar Yara Sana'a ce da Za ta Riƙe Mutum?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 23, ina zaune a unguwar Zango a nan Damagaram, kuma tun ina ƙarami nake kaɗa gurmi. Wata 4 ke nan da wasu abokaina su 3 suka jawo ni cikin ƙungiyarsu da ke yi wa yara waƙa a makarantu da wuraren bukukuwa. Aikin ya shiga raina, amma abu biyu sun dame ni. Mahaifiyata tana cewa wannan shiririta ce ba sana'a ba, kuma na rasa amsar da zan ba ta. Sannan a wasanmu na ƙarshe an ba mu jika 20, sai shugabanmu ya ware rabi ya ce kuɗin hayar lasifika ne da na adaidaita. Ban ce komai ba, amma raina ya sosu. In ci gaba ko in nemi wata hanya?
Daga wani mai karatu, unguwar Zango, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Zan fara da maganar mahaifiyarka, domin ita ce gaba da kowa, kuma domin akwai gaskiya a cikin abin da ta faɗa. A ƙasar Hausa an daɗe ana haɗa kiɗa da roƙo, kuma galibi gado ne: ɗan makaɗi shi ke ɗaukar ganga. Mawaƙin fada irin marigayi Ma'azu Ɗan Alalo yana da ubangida, yana da matsayinsa da kowa ya sani a Damagaram. Mai yi wa yara waƙa kuwa ba shi da sarki ko attajirin da zai yi masa kyautar doki da riga, masu sauraronsa ba su da ko dala a aljihu. Uwa ta hango haka, dole hankalinta ya tashi.

Ka dubi yadda shekarar wannan aiki take tafiya. Makarantu suna buɗewa a watan Oktoba su rufe a ƙarshen Yuni, kuma mafi yawan gayyata tana taruwa ne a 'yan makonnin ƙarshe, lokacin bukukuwan rufe shekara da raba kyaututtuka. A nan ne ranar 16 ga Yuni take faɗowa, wato ranar yaron Afirka, wadda aka fara kiyayewa a 1991 don tunawa da 'yan makarantar Soweto da aka kashe a 1976, sai kuma ranar kiɗa ta 21 ga Yuni. Da damina ta kankama yara sun watse, wasu sun tafi ƙauye noma. Da azumi kuma ana ajiye kayan kiɗa, filin ya koma na yara masu tashe. Akwai aikin faɗakarwa da ƙungiyoyin agaji kan bayar, kamar waƙar rigakafin shan inna ko ta wanke hannu ko ta sa 'ya'ya mata makaranta, kuma shi ya fi tsoka, sai dai ba kullum ake samunsa ba, kuɗinsa ma yakan yi jinkiri. Shi ya sa kusan duk wanda na sani ya daɗe a wannan fage yana da abin yi na biyu, ko koyarwa, ko ɗinki, ko gyaran babur. Yazi Dogo, wanda wasan kwaikwayonsa na Hausa ya yi suna daga nan Damagaram, ya yi aikin malamin makaranta, kuma hakan bai rage masa komai ba. Saboda haka shawarata ita ce ka riƙe gurminka, ka kuma riƙe wata sana'ar hannu da za ta ciyar da kai a watannin da babu gayyata.

Maganar jika 20 ita ta fi damuna, domin irin wannan shirun da ka yi shi ne yake rusa ƙungiyoyi. Mai yiwuwa ne shugabanku bai cuce ku ba, hayar lasifika da ɗaukar kaya suna cin kuɗi ƙwarai. Laifinsa shi ne bai yi lissafin a gabanku ba.

Na taɓa bin wata ƙungiya ta mutum 5 zuwa wata makarantar firamare a kan hanyar Mirriya, kuma abin da na gani a ranar bai fita daga raina ba. Ana tsakiyar wasa aka ɗauke wuta, lasifika ta mutu, yara sama da ɗari suka fara hayaniya. Mai kalangu bai jira umarnin kowa ba, ya sauko daga barandar aji ya shiga tsakiyarsu yana kiɗa, matar da ke amshi ta fara tafi, nan take yaran suka kama tafin, wasa ya ci gaba ba tare da na'ura ba. Can muryar mai bayar da waƙa ta dushe saboda ƙura da ɗaga murya, sai abokinsa ya karɓi baitin daga inda ya tsaya, kamar dama haka aka shirya. Bayan an tashi suka zauna a gindin dogon yaro, aka ɗora shayi, shugaban ya zube kuɗin a kan tabarma ya ƙirga da ƙarfi kowa yana ji. Ya fara ware abin da aka kashe, ya faɗi kowane da sunansa. Ya ware wani kaso na asusun ƙungiya, wanda daga cikinsa ake sayen fatar ganga da tsirkiya, kuma daga cikinsa ake duba wanda ya kwanta ciwo ko aka yi masa haihuwa. Sauran aka raba daidai, har da kason wani ɗan'uwansu da zazzaɓi ya hana shi zuwa. Da na tambayi dalili, sai aka ce mini da shi aka yi makonni ana gwajin waƙoƙin.

Wannan tsari nake so ku ɗauka. Ka sami shugabanku ku biyu, ba a gaban jama'a ba, ka ce masa kana so ku riƙa yin lissafi a fili don kada shaiɗan ya shiga tsakani. Ku sayi ɗan littafi ku rubuta shiga da fita, ku kuma yanke yadda za a yi rabo tun kafin a tafi wasa. Idan kun tsara waƙa tare, ku rubuta sunan duk wanda ya sa baki a cikinta, kuma idan ta fara shiga gidajen rediyo ku yi mata rajista a hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA, da sunayenku duka. Rigimar wa ya mallaki waƙa ta fi ta jika 20 zafi, kuma takan zo ne daidai lokacin da aka fara samun nasara.

Game da aikin kansa, kada wani ya sa ka ɗauka cewa waƙar yara ƙaramar waƙa ce. Babba yakan daure ya saurare ka don kunya, yaro kuwa da ya gaji zai juya maka baya. Baiti ya zama gajere, amshi ya zama wanda ɗan shekara 6 zai kama a ji na biyu, kuma a bar musu wurin tafi da motsi. Zambo da habaici da kalmar batsa ba su da gurbi a nan, domin abin da ka rera da safe shi yaro zai maimaita a gaban iyayensa da dare. Ku zauna da tsofaffin mata na Birni da Garin Malam ku ɗauki waƙoƙin gaɗa da na reno da waɗanda ke cikin tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, domin da yawa suna ɓacewa tare da masu su. Sannan ku kiyaye amanar da aka ba ku: kada ɗayanku ya keɓe da yaro, kada ku shiga makaranta sai da izinin shugabanta, kada kuma ku sa hoton 'ya'yan mutane a Facebook ba tare da yardar iyayensu ba.

Ita kuwa mahaifiyarka, kada ka ja da ita da baki. Duk abin da ka samu, komai ƙanƙantarsa, ka fara kai mata ta sa albarka, kuma ta ga kana fita neman sana'ar hannun da na ambata. Idan bikin rufe shekara ya zo a makarantar da ke kusa da ku, ka roƙe ta ta zo da ƙannenka, ka sa a ajiye mata kujera a inuwa kusa da malamai.