Matar leburan gona daga Ingila zuwa Niyu Zilan: da gaske hutu ta tarar?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a sashen tarihi, kundina a kan hijirar talakawan Ingila ne zuwa ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinsu. A babi na uku na rubuta cewa matan leburorin gona da suka bi mazajensu zuwa Niyu Zilan sun rabu da talauci sun samu hutu, na kafa hujja da wasiƙun da aka aiko gida. Mai duba aikina ya bi babin da jan biro, ya ce in sake. Lokacin miƙawa ya matso, hankalina a tashe yake. A ina na kauce, alhali da bakinsu suka faɗa?

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, babin yana gyaruwa. Amma malaminki yana da gaskiya, kuma wasiƙun nan da kika jingina da su, su ne ramin da kika faɗa.

Tunda kin san tsarin Julius Vogel na 1870, wato shirin gwamnatin Niyu Zilan na cin bashi don manyan ayyuka da kawo baƙi ma'aikata, da ƙungiyar leburorin gona da Joseph Arch ya kafa a Ingila a 1872, ba sai na maimaita ba. Ki dai riƙe abin da matar ta baro. A kudancin Ingila mijinta yana samun wajen sule 10 zuwa 12 a mako, gidan da suke ciki sau da yawa na mai gonar ne, ranar da aka sallami mijin ranar za a iya fitar da kayansu waje. Ita ma tana fita gona tsintar duwatsu da cire ciyawa, a Oxfordshire kuma da yawa ɗinkin safar hannu suke yi a gida. Kada kuma ki zana ta a matsayin wadda aka ja da igiya. A watan Mayun 1873 mata 16 na ƙauyen Ascott-under-Wychwood da ke Oxfordshire suka tare wasu samari biyu da aka ɗauko don su maye gurbin mazajensu masu yajin aiki. Limaman coci biyu da ke zaman alƙalai a Chipping Norton suka ɗaure su kwana 7 zuwa 10 da aiki mai tsanani, biyu daga cikinsu da goyo. Wasu daga cikin matan nan daga baya Niyu Zilan suka tafi. Mace irin wannan ta san abin da take gudu.

To, wasiƙu. Kusan duk ɗalibin da ya kawo mini aiki a kan hijira da wannan kuskuren yake zuwa: ya ga wasiƙa ta ce "muna cin nama sau uku a rana", shi ke nan ya rufe bincike. Abin yana ba ni haushi, domin tambayoyin da ya kamata a yi wa takarda ba su da wuya. Wa ya rubuta? Wa ya buga? Wa ya yi shiru?

Yawancin wasiƙun da suka iso gare mu sun iso ne don an buga su a jarida, musamman jaridar ƙungiyar leburorin, Labourers' Union Chronicle. Ƙungiyar tana so mutane su tafi, domin in leburori suka ragu a ƙauye dole manoma su ƙara lada. Gwamnatin Niyu Zilan ma tana so su zo, ta ci bashin miliyoyin fam don shimfiɗa layin dogo da hanyoyi, tana neman hannuwa, har daga ƙarshen 1873 ta mai da kuɗin jirgi kyauta. Wakilanta suna yawo ƙauye-ƙauye suna karanta irin waɗannan wasiƙu a taro. Wasiƙar da ta ce "da na sani ban zo ba", kina ganin ita za a ɗauka a karanta?

Sannan galibi mijin ne ke riƙe da alƙalami, domin shi ake aika wa labarin lada da aiki, kuma yawancin matan nan sun girma kafin dokar ilimi ta 1870 da ta yaɗa makarantun firamare a Ingila. Abin da ya dame shi shi yake rubutawa: sule 7 ko 8 a rana, awa takwas, babu mai gona da za a cire wa hula. Ita tana bayyana a layi ɗaya, "uwargida tana gaishe ku". Inda kuma ita ce ta rubuta, ki tuna da tsarin da ya ba wanda ya riga ya isa damar ya ba da sunan danginsa a kawo su. Macen da ke zaune a daji, ba uwa ba 'yar'uwa, ga ciki, tana so ƙanwarta ta zo, me za ta rubuta? Za ta yi zancen nama da man shanu. Ba ƙarya ta yi ba, naman tunkiya yana da arha ƙwarai a can, amma wasiƙar gayyata ce, kuma mai gayyata ba ya fara zance da wahala.

Waɗanda suka yi shiru su ne suka fi damuna. A watan Nuwamban 1874 jirgin Cospatrick, da ya nufi Auckland, ya kama da wuta a teku kudu da Cape of Good Hope. Cikin mutum wajen 470, uku ne suka rayu, dukansu ma'aikatan jirgi. Mutum 17 daga cikin matattun 'yan ƙauyen Shipton-under-Wychwood ne, maƙwabtan Ascott, har yau akwai dutsen tunawa da su a tsakiyar ƙauyen. Ko jirgin da ya isa lafiya, tafiyar wata uku zuwa huɗu ce. Iyalai suna ƙasan jirgi a tsakiya, samari a gaba, 'yan mata a baya ƙarƙashin wata mai kula, gadon miji da mata ɗan katako ne da labule. Abinci naman gishiri ne da busasshen biskit da wake, ruwa da awo. Babba zai jure, yaron da aka yaye kuwa ba ya jurewa. Jiragen Mongol da Scimitar, da suka kwashi leburori da iyalansu suka isa tashar jiragen ruwa ta Port Chalmers a Niyu Zilan a farkon 1874, ƙyanda da jan zazzaɓi sun kashe musu yara da dama, aka killace sauran. Uwar da aka saka ɗanta cikin teku a gabanta, a wace jarida kika ga wasiƙarta? Na dage a kan wannan ne saboda illar ba ta tsaya a kundi ba. Wanda ya saba gaskata labarin wanda ya dace kaɗai, shi ne gobe dillalin tafiya zai nuna wa hoton wani a waya ya karɓe masa kuɗin gona.

Bayan sauka, kalmar "hutu" ce ba ta da wurin zama a babinki. Sai su yi kwanaki a barikin baƙi, sannan a tura su inda aiki yake. Waɗanda aka kai yankin Feilding a 1874 kurmi suka tarar, sai an sare. Miji yana iya tafiya aikin hanya ko layin dogo makonni, ita ta zauna a bukkar katako da yara, ta ɗebo ruwa, ta yi tatsa, ta kaɗa man shanu ta kai kanti a musanya mata da gari da sukari, ta yi kyandir da kitse, ta gasa burodi a tukunyar ƙarfe kan garwashi. Haihuwa kuma a kai a kai, wani lokaci ba ungozoma sai maƙwabciya. Daga 1879 tattalin arziki ya karye, lada ya faɗi, mazaje da yawa suka bazama neman aiki, wasu ba su dawo ba. Dukiyar da ta tara da guminta kuwa, a doka ta miji ce har zuwa dokar dukiyar matan aure ta 1884.

Kada ki juya babin ya zama kuka zalla, domin wannan ma rashin adalci ne. Yaran da suka tsallake teku sun fi samun abinci da tsawon rai a kan waɗanda aka bari a Ingila, iyalai da yawa sun mallaki fili da saniya, abin da ba za su taɓa samu a Oxfordshire ba, kuma wadda ta rayu zuwa 1893 ta jefa ƙuri'a shekara 25 kafin kowace mace a Ingila ta zaɓi ɗan majalisar ƙasa. Ki kuma sa sakin layi a kan filin: na Māori ne, wato 'yan asalin ƙasar, wani an ƙwace bayan yaƙe-yaƙen 1860 da 'yan kai ƙarƙashin dokar 1863, wani ya suɓuce ta kotun filaye da aka kafa a 1865. Wasiƙu ba sa ambaton wannan.

Ga abin yi kafin ranar miƙawa. Ki bar wasiƙun a babin, amma ki faɗi inda aka buga kowace da dalilin bugawa. Ki ajiye su gefe da rahotannin likitocin jirgi da labaran isowar jirage, inda ake lissafa haihuwa da mace-mace. Tsofaffin jaridun Niyu Zilan suna nan kyauta a shafin Papers Past. Littafin Rollo Arnold na 1981, The Farthest Promised Land, ya bi waɗannan ƙauyawa tun daga Ingila har inda suka zauna, da shi za ki fara. Ki zaɓi jirgi ɗaya, ki bi matan cikinsa, ki kai wa malaminki.