Amsa ga Hajiya: ki riga dillali

Hajiya, kin tambaya ko ya dace a yi wa 'yan matan islamiyyarku ta unguwar Nima a Accra maganar balaga, haƙƙin mata da fataucin mutane. Wallahi ya dace, kada dillali ya riga ki. 'Yar ƙanwata aka yi wa romon baka da aiki a Kuwait. Tana sauka uwar ɗakinta ta ƙwace fasfonta, sai kuka a waya cikin dare. Ki gaya musu dokar Ghana ta 2005 ta haramta wannan, aure kafin shekara 18 ma laifi ne. Maganar haila kuwa, ki fara daga babin tsarki da suka sani, iyayensu mata na zaune. Samarin ma a tara su. Wadda aka ci zarafinta, ku raka ta ofishin DOVVSU, sashen 'yan sandan Ghana mai kula da cin zarafi a cikin gida da tallafa wa waɗanda aka zalunta.