Littafina zai fito bayan wata huɗu, ta ina zan fara tallarsa daga Jidda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Jidda, bana shekara tara ke nan. Allah ya nufa na kammala littafina na farko, ƙagaggen labari ne da na gina a kan tafiyar kakata, wadda ta zo aikin Hajji a ƙasa ta hanyar Sudan tana yarinya. Wata maɗaba'a a Kano ce za ta buga, sun ce nan da wata huɗu. Ina da Facebook amma na manta rabona da rubutu a ciki. Ƙawayena sun ce in buɗe TikTok da Instagram, in kuma biya masu mabiya da yawa su tallata mini. Kuɗina ba yawa, kaina kuma ya ɗaure. Ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya jiƙan magabata. Na ji daɗi da kika yi tambayar tun da sauran wata huɗu, domin mafi yawan marubutan da ke zuwa wurina sai katan-katan na littafi sun iso ɗaki sannan suke tunanin wa zai saya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin da kike shirin ba masu mabiya, ki riƙe abinki tukuna. Zan dawo kansa.

Aikinki na makon nan takarda da biro ne. Ki zauna ki rubuta sunayen mutanen da kika tabbata idan suka ji kin yi littafi za su tsaya su saurara: 'yan ajinku na sakandare, matan unguwarku a nan Jidda, dangin mahaifiya da na miji, malamar islamiyya, ƙawar da ke aure a Zinder. Kada ki tashi sai kin kai mutum 100, kowa da lambar wayarsa. Waɗannan su ne jarinki. Mabiya dubu goma da ba su san ki ba za su danna alamar so su wuce, amma ƙawar da kuka ci tuwo kwano ɗaya ita ce za ta tura wa zauren gidansu ta ce "wallahi ku saya, na karanta." Littafin Hausa tun zamanin da ake ba da hayarsa a shago, daga hannu zuwa hannu yake tafiya. Intanet bai canza wannan ba, ya dai ƙara wa hannun tsawo.

Dalilin da ya sa na nace a kan lambobin waya shi ne, su kaɗai ne naki na kanki. Shafin da kika buɗe a manhajar wani, haya kike. A ƙarshen Nuwamban 2023 OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta intanet, ta rufe, alhali marubutan Hausa da dama a can suka jibge littattafansu, a can masu karatunsu suka saba samunsu. Wanda yake da lambobin mutanensa ya gaya musu inda ya koma. Wanda ba shi da su ya fara daga farko. Haka ma shafin Facebook, ana iya sace shi ko a rufe shi dare ɗaya. Saboda haka duk wanda ya nuna sha'awar littafin, ki nemi izininsa ki ajiye lambarsa a wani littafi na daban, ba a waya kaɗai ba.

A WhatsApp akwai abin da ke ba mutane wahala. Jerin aika saƙo ga jama'a a lokaci guda mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarki a wayarsa ba. Sai mutum ya yi ta aikawa yana zaton ana share shi, ashe saƙon ma bai je ba. Zaure kuwa yana ɗaukar mutum 1,024, amma idan kika bar shi a buɗe, kafin mako guda ya cika da gaisuwar Juma'a da tallar atamfa. Ki rufe shi ya zama ke kaɗai ke magana, ki riƙa buɗewa sau ɗaya a mako na awa biyu. Ko ki buɗe tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, inda mabiya ba sa ganin lambar juna. Ga matan aure wannan sutura ce babba, kuma da yawa saboda ita za su yarda su shigo.

Sai suna. Ku mazauna nan kuna da wata matsala da na gida ba su da ita: sunan fasfo daban, yadda aka rubuta shi da Larabci a iƙama, wato katin izinin zama, daban, wanda ake kiranki da shi a gida daban, ga kuma "Maman wane" a Facebook. Ki zaɓi sunan da zai hau bangon littafi, ki mayar da shi sunanki a ko'ina, harafi da harafi. Idan sunan littafin yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, ki rubuta shi daidai a bango, amma a cikin bayanin shafinki ki sake rubuta shi sau ɗaya ba lanƙwasa, domin yawancin masu nema ba sa sa lanƙwasar. Hoto ba dole ba ne ya zama fuskarki. Bangon littafin ya isa, in dai shi ne a kowane shafi. A ƙarƙashinsa layi biyu: wace ce ke, me kika rubuta, yaushe zai fito, wace lamba za a tuntuɓa.

Kafa biyu sun ishe ki, WhatsApp da Facebook ɗin da kike da shi. Shafi biyar da ba kowa ciki sun fi rashin shafi muni.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi so ki ji. Ke masu karatu iri biyu gare ki, kuma ba hanya ɗaya ake isa gare su ba. Akwai na gida, Kano da Katsina da Maraɗi, masu karanta boko. Akwai kuma Hausawan nan, na Makka da Madina da Jidda, jikokin waɗanda suka yi irin tafiyar kakarki suka zauna. Da yawansu Hausa na bakinsu tas, amma makarantar Larabci suka yi, idan kika miƙa musu shafin boko sai su juya shi su mayar miki. Haka 'yan'uwanmu na Sudan, irin mutanen Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, garin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Labarinki nasu ne kafin ya zama na kowa. Sunayen da ke cikinsa, Abeche, Junaina, Fashir, Ubayyid, Sawakin, a bakin kakanninsu suka fara jinsu. Idan rubutu kawai kika sa a shafi, kin rufe musu ƙofa.

Na ga wannan da idona a wani gida a Makka, wajen titin Mansur. Wata ɗaliba ta karanta shafi uku na rubutunta a saƙon murya, aka turo wa matar gidan. Bayan sallar isha'i aka sa wayar a cikin kwanon silba don muryar ta ƙara fitowa, mata shida da wata tsohuwa suka kewaye ta, shayi yana hucewa ba wanda ya taɓa. Da aka zo wurin da ayari ya tsaya noman auduga don a sami guzirin gaba, tsohuwar ta ɗaga hannu ta ce a tsayar. Ta ce su shekara biyu suka yi a yankin Jazira na Sudan, a can aka haifi ƙaninta, a can kuma aka binne shi. Sai da ta gama nata labarin sannan aka ci gaba. Kafin gari ya waye saƙon nan ya shiga gidaje da ban san adadinsu ba, har daga Madina aka bugo ana tambayar ina sauran.

To ki yi haka. Ki zaɓi wurare huɗu ko biyar a littafin inda labari ya ɗau zafi, ki karanta da muryarki, minti uku zuwa biyar, ki tsaya daidai inda mai sauraro zai ce "sai me ya faru?" Ki shiga ɗaki mai labule da katifa, ki kashe na'urar sanyaya ɗaki na ɗan lokacin, domin ƙugin nan nata yana cinye murya. A farko da ƙarshe ki faɗi sunan littafin da naki, saboda saƙon zai yi nisa ya rabu da rubutun da kika haɗa shi da shi. In maigida bai so muryarki ta fita ba, ki sami ƙanwa ko wata mai karatun littafi ta karanta. Wannan muryar ita za ki ɗora a kan hoton bango ta zama bidiyon Facebook. In daga baya kin ga TikTok ya dace, abin sawa yana hannunki.

Tsakanin waɗannan karatuttukan, ki riƙa ba mutane abin da ya kewaye littafin. Tasbahar kakarki in tana nan, ko tsohuwar takardar tafiya, ko yadda take kiran wani gari da ba haka sunansa yake a taswira ba. Ki tambayi jama'a: a gidanku wa ya zo a ƙasa, shekara nawa ya yi a hanya? Za ki sha mamakin amsoshi, kuma duk wanda ya ba ki labarin kakansa ya riga ya zama mai sayen littafin. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Abin da ke gundurar mutane shi ne "yana nan tafe, yana nan tafe" kullum ba wani abu a ciki.

Ki kula da agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, tana gaban Sudan da awa ɗaya. Ƙarfe 8 na dare a Kano, lokacin da mata suka sallami yara suka ɗauki waya, ƙarfe 10 ne a wurinki. Ranar ƙaddamarwa kuma ki duba kalandar Musulunci kafin ki sa ta. Goman ƙarshe na azumi da kwanakin Hajji hankalin kowa yana wani wuri. Amma watannin da maniyyata ke shiri, labari irin naki yana da kasuwa.

Kada ki sanar da rana sai kin riƙe kwafin gwaji, ko wani naki a Kano ya riƙe ya ɗauko miki hotonsa shafi-shafi. "Wata huɗu" na maɗaba'a yakan zama shida. Ki tabbatar sun karɓo miki lambar shaidar littafi ta ISBN mai lamba 13 daga Ɗakin Karatu na Ƙasa na Najeriya tunda a can za a buga, kuma da sunanki da sunan littafinki aka yi rajistarta. Saura mako shida ki buɗe biya kafin fitowa da ɗan rangwame, ta asusun banki na Najeriya, a hannun mutum ɗaya amintacce da zai riƙa rubuta suna da gari. Wannan zai nuna miki kwafi nawa za a kai Kaduna, nawa Sakkwato, tun kafin a ɗaure kaya a tasha.

A daidai lokacin ki ba mutum goma littafin su karanta, cikinsu har da marubuci ɗaya ko biyu da ake jin maganarsu da wani malamin Hausa na jami'a ko kwaleji. Ki roƙe su layi uku na gaskiya. Amma a takarda za ki ba su. Na san wata baiwar Allah da ta tura wa mutum biyar cikakken littafinta a PDF don su duba mata, kafin a gama bugu yana yawo a zaurukan karatu kyauta, har da sunan wani zaure a manne a kowane shafi. Kuka ta yi mini a waya, ban kuma da abin da zan iya yi mata. Idan za ki sayar da na waya, ki bari na takarda ya yi wata biyu ko uku a kasuwa.

Na dawo kan masu mabiya, kuma a nan ina so ki buɗe kunne, don ƙasar da kike zaune ba ta wasa da dokar talla. A 2022 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta Saudiyya ta fito da lasisin da ake kira Mausuƙ, riyal 15,000 na shekara uku, ga mai son yin talla a shafinsa na sada zumunta, kuma a shekarar ta hana baƙi mazauna ƙasar yin talla ba da izini ba. Don haka kada ki ba wata mai mabiya da ke zaune a nan kuɗi ta tallata miki ba ki san matsayinta ba, kada ki jefa ta ki jefa kanki. Haka shigo da littattafai da yawa don sayarwa yana buƙatar izinin da ake kira fas'hu, ciniki kuma yana da alaƙa da irin iƙamar da mutum ke ɗauke da ita. Saye da sayarwa a Kano za a yi, ba a nan ba. Kada kuma ki ɗora wa alhazai ko masu Umara katan su shigo miki da shi. Kwafin kyauta na dangi daban, kayan kasuwa daban. In kina son littafin ya shiga kantunan nan, ku zauna da maigida ku nemi mai kantin littattafai da ke da rajista ya bi muku hanyar.

In akwai ɗan abin kashewa, ni a wuri biyu zan sa shi: mai zanen bango ƙwararre, domin bangon nan a allon waya ƙaramin hoto zai zama kuma dole sunan ya karantu, sai kuɗin aika kwafi ga masu shirin adabi a gidajen rediyon Kano da masu shafin adabi a jaridun Hausa irin Aminiya. Hira ɗaya ta waya a rediyo tana kai ki ƙauyen da Instagram bai taɓa zuwa ba.

Bikin ƙaddamarwa irin na gida, da babban mai ƙaddamarwa da shugaban taro, in dangi suna so su yi shi a Kano, ke ki shigo ta bidiyo ki karanta shafi biyu. Na Jidda kuwa walima ce ta gida: matan unguwa, shayi, tsofaffi a gaba. Bayan haka kada ki yi shiru. Duk wanda ya turo hoton littafin a hannunsa, ki nemi izini ki sa, ki gode masa da sunansa. Watan farko bayan fitowa ya fi ranar fitowar aiki.

Baje kolin littattafai na Jidda a watan Disamba ake yinsa. Ki je ko da ba ki da abin sayarwa, ki tsaya kusa da teburin da marubuta ke sa hannu, ki ga yadda suke gaya wa baƙo abin da littafinsu ya ƙunsa cikin numfashi ɗaya. Ke ma ki shirya taki jimlar, da Hausa da Larabci. Idan kin rubuta sunaye ɗarin nan kuma kin naɗi karatun farko, ki turo mini in saurara kafin ki sake shi.