Kai yara wurin wasa a lokacin zafi: a wuni a can, ko a koma masauki da rana?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni mazauniyar Makka ce, 'ya'yana uku: babbar shekararta 7, mai bi mata 4, auta kuma 2. Ƙanwar maigidana za ta zo Umra daga Kano a watan Agusta da 'yarta mai shekara 5 da jaririnta ɗan wata 4. Bayan Umra mun shirya kwana uku a Jidda mu kai yara malahi, wato wurin wasa mai lilo, da bakin teku, sai wuni guda a Ɗa'if. Ni ina so kullum mu koma masauki da azahar yara su yi barci. Baban yara ya ce hutunsa kwana huɗu ne kacal, kuɗin otal da na tikiti ba kaɗan ba ne, ba zai biya kuɗi a zo a kwanta ba, wanda barci ya ɗauka ya yi a kekensa na turawa. Bara da muka bi tsarinsa, na tsakiyan wuni ya yi yana kuka, da dare kuma ya yi amai. Shin komawar dole ce? In dole ce, awa nawa? Kuma yaya zan yi da wanda ba ya yarda ya kwanta da rana?

Wata uwa daga Makka

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah Ya kawo baƙinku lafiya, Ya karɓi ibada. A watan Agusta, a Jidda, ga ɗan shekara 2 ga jariri a cikin tafiyar, komawa masauki da rana dole ce. Sai dai damuwar Alhaji ma ba a banza take ba, kuma in aka tsara wunin da kyau ba zai yi asarar ko riyal ɗaya ba.

Ki fara tuna masa da dokar da ya sani a wurin aikinsa. Duk shekara, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, gwamnatin Saudiyya tana hana a sa ma'aikata aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3. Wannan fa ƙarti ne majiya ƙarfi, masu gini da gyaran titi, waɗanda jikinsu ya saba da wahala. Ranar da aka hana ƙato tsayuwa a cikinta, ba a tsayar da ɗan shekara 2 a layin lilo a cikinta ba. Ku da ke Makka ma ba sai an ba ku labari ba, kun ga aikin Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Harami, mutum fiye da 1,300 suka rasu.

Wataƙila a ce ai Jidda ba ta kai Makka zafi ba. A ma'auni haka ne, amma Jidda tana da abin da Makka ba ta da shi sosai, wato laimar teku. Jiki yana huce kansa ne idan gumi ya bushe a kan fata. A Jidda da rani iskar kanta a jiƙe take, gumi sai ya yi ta zuba ba ya bushewa, yaro ya yi sharkaf amma zafin yana nan a cikin jikinsa. Yaro kuma ya fi babba saurin ɗaukar zafi, ga shi gajere, kusa yake da kwalta da siminti masu huci. Abin da ya fi damuna shi ne ba ya faɗa. Ɗan shekara 2 ba zai ce "Umma, ina jin jiri" ba. Rigima zai yi, ya ƙi abinci, ya ce a ɗauke shi, a ɗauke shi ya ce a sauke shi, sai a ɗauka fitina ce.

Batun a bar yaro ya yi barci a keke, wannan ni kaina na taɓa yi, shi ya sa nake tsayawa a kansa. Shekarun baya mun fita da 'yata tana 'yar shekara ɗaya da rabi, barci ya ɗauke ta a keke wajen ƙarfe ɗaya. Na cire mayafina na lulluɓe keken don in tare mata rana, muka ci gaba da tafiya. Ba a fi minti ashirin ba na zura hannu in gyara mata kai, sai na ji cikin keken kamar an buɗe tanda. Gashinta ya manne a goshi, kumatunta sun yi jawur, rigarta kamar an tsoma a ruwa, numfashinta sama-sama. Na ɗauke ta a guje na shiga wani shago mai na'urar sanyi, na tuɓe ta, na yi ta shafa mata ruwa har ta farfaɗo ta karɓi nono. Allah Ya tsare. Mayafin da na sa don kariya shi ya toshe iska ya tara mata zafi. Tun daga ranar duk uwar da na gani ta rufe keke da zane ko abaya sai na tsaya na yi mata magana, ko ban san ta ba. Ki gaya wa baƙuwarku wannan, ki kuma gaya mata goyo ma haka yake da tsakar rana: zafin bayanta da na zani da na hijabi duk a kan jaririn suke taruwa.

Ko da an cire zafi, akwai lissafin barci. Likitocin barci da na yara sun tsayar da cewa ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar awa 11 zuwa 14 a kwana guda, har da na rana. Ɗan 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. To ki lissafa. Kun dawo daga malahi ƙarfe 11 na dare, kafin a yi wanka a kwanta 12 ta yi, auta ya farka ƙarfe 7 saboda baƙon wuri. Awa bakwai ke nan, ana binsa bashin aƙalla huɗu, gobe kuma a ƙara wani a kai. Yaron da gajiya ta wuce masa misali ba kwanciya yake ba. Jikinsa yana sakin sinadaran da ke hana barci, sai ki ga idonsa ya bushe ƙyam, yana guje-guje, yana dariya yana kuka a lokaci guda. Uba ya duba ya ce ai ga shi nan garau. Kukan da ɗanki ya wuni yana yi bara ya yi kama da wannan sosai, aman dare kuma zai iya zama zafi da ƙishirwa da kayan zaƙi da juyin lilo ne suka haɗu masa. Jiki magayi.

Abin da zai kwantar wa Alhaji da hankali shi ne garin da kansa a kan ƙailula aka gina shi. Manyan wuraren wasa na fili a Jidda, irin Al-Shallal da ke Kornish, wato titin bakin teku, galibi sai da yamma suke buɗewa su kai tsakar dare. Ku duba lokacin buɗewa kafin ku fita, don yana canzawa da yanayi da ranakun mako. Don haka ni da zan tsara muku, safiya ta zama ta wuri mai rufi da sanyi: gidan kifaye na Fakieh, ko wuraren wasan da ke cikin manyan kantuna irin Red Sea Mall. In bakin teku ake so, a je bayan asuba a baro shi kafin ƙarfe 9. Azahar a Jidda a Agusta wajen 12:30 take yi. Ta same ku a masauki. A ci abinci, a watsa wa yara ruwa, a ja labule, a kashe talabijin. Ƙarfe 1:30 zuwa 3:30 gidan ya yi tsit. A yi la'asar, a ɗan ci wani abu, wajen ƙarfe 5 a fita. Daga nan zuwa 10 awa biyar ne cur na wasa da yara masu kuzari, cikin fitilu da iskar teku, ga kuma ruwan nan na Sarki Fahad yana tsiri sama ana hango shi daga Kornish. Awa biyar na dariya sun fi goma sha biyu na jan yaro da hannu yana tirjiya.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Suratun Nur, aya ta 58, ta ambaci tsakar rana cikin lokuta uku da ake ajiye tufafi a huta, har yaran gida su nemi izini kafin su shiga. Annabi (SAW) kuma ya yi umarni a jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta har gari ya ɗan huce. Idan an yi wa salla wannan rangwame, lilo ba zai fi ta ba.

In kun je wurin da ke buɗewa tun safe, kafin Alhaji ya biya ya tambaya a ƙofa ko ana fita a dawo da tikiti ɗaya. Wasu wuraren suna ɗaura wa mutum zare a hannu ko su buga hatimi, wasu ba sa yarda. Masauki kuma a nemi na kusa. Shaƙƙa, wato gidan haya, mai tsada kaɗan da ke minti goma daga Kornish ta fi mai araha da sai an yi minti arba'in a cunkoso, domin yaro zai yi gyangyaɗin minti goma sha biyar a mota, ku isa ya wartsake, barcin ranar ya tafi ke nan.

Wanda ba ya kwanciya da rana, kada ki yi dambe da shi. Yara da yawa suna daina barcin rana tsakanin shekara 3 da 5, ba laifi ba ne. Kada ki ce masa "yi barci", ce masa lokacin hutu ne, kowa zai kwanta, har Abba. Wannan "har Abba" ita ce rabin maganin, don yaro ba zai kwanta ba yana jin muryar babansa a falo yana waya. Ki kwanta kusa da shi, ki yi masa tatsuniya da murya ƙasa-ƙasa, ki ba shi abin da ya saba riƙewa a gida. Waya ko kwamfutar hannu kada ta shiga ɗakin. In ya yi awa ɗaya a kwance cikin sanyi da duhu bai yi barci ba, ya samu abin da ake nema. Sau da yawa ma kafin Gizo ya dawo daga gona ya tafi. Babbar da 'yar baƙuwa su ma hutun nan ya ishe su. Auta shi ne za ki bari ya yi awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ki tashe shi da la'asar.

Akwai wani abu game da 'yan Kano: agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu. A kwanakin farko ƙarfe 1:30 na rana a jikin yarinyar 11:30 ne na safe, ba lallai ta ji barci ba, ƙarfe 10 na dare kuma 8 ne a wurinta. Kada uwarta ta damu in ta ga haka, cikin 'yan kwanaki za ta daidaita.

Ruwa kuma kada a jira sai sun nema. Duk bayan minti ashirin zuwa talatin a miƙa gora, kowa ya kurɓa. Lemon kwalba da askirim ba sa maye gurbin ruwa. Laban, wato kindirmon sha, da kankana da lemon zaƙi suna taimakawa. Jaririn ɗan wata 4 shi ba a ba shi ruwa, nono za a yawaita masa, uwar kuma ta sha ruwa sosai, kuma kada rana ta taɓa shi kai tsaye. Fitsari shi ne ma'auninki: in ya yi duhu ya yi kaɗan, ko famfas ya yi awa shida a bushe, ko baki ya bushe, ko ana kuka ba hawaye, ko maɗigar jariri ta lotsa, ruwan jiki ya yi ƙasa. Ki tafi da 'yan ƙunshin ORS daga kantin magani. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo.

Idan yaro ya yi laushi, yana gumi sosai, yana kukan ciwon kai ko tashin zuciya, a kai shi wuri mai sanyi nan take, a rage masa kaya, a shafa masa ruwa, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ya kamata ya dawo daidai cikin rabin awa. In bai dawo ba, ko jikinsa ya yi zafi zau, ko yana surutai, ko bai gane ku ba, ko ya suma, ko ya yi jijjiga, wannan bugun zafi ne, yana kisa. A kira motar asibiti a 997 ko 911, a ci gaba da jiƙa shi har su iso, kada a ɗura masa komai a baki in ba ya cikin hayyacinsa. Farasitamol ba ya saukar da irin wannan zafin. Don neman shawarar likita ta waya akwai 937 na ma'aikatar lafiya.

Ina roƙonki da Allah, yaron da ya yi barci a mota kada a bar shi a ciki, ko na minti biyar, ko da an sassauta gilashi. Cikin minti goma zafin cikin mota yana ƙaruwa da kusan digiri goma. Da manya uku da yara biyar, abu ne mai sauƙi kowa ya ɗauka auta yana hannun wani. A ƙirga su da baki duk lokacin da aka sauka. Ƙarfen bel ɗin kujera da na abin zamiya ma a taɓa da hannu tukuna, suna ƙona cinya.

Ɗa'if ita ce za ta yi muku sauƙi, don tana kan dutse, kimanin mita 1,800 sama da teku, iskarta daban ce. A can Alhaji zai iya samun abin da yake so, ku wuni a waje, a shimfiɗa tabarma a inuwa da azahar auta ya yi barcinsa. Amma rana a kan tudu ta fi ƙona fata ko da ba a jin zafinta, don haka a sa musu hula da man kare fata mai lamba 30, a sake shafawa duk awa biyu, ban da jaririn, shi inuwa da tufafi marasa nauyi sun ishe shi. In za ku hau telefirik, wato motar da ke tafiya a kan igiya a sama, daga Al-Hada, ku sani wurin wasan ruwan da ke Al-Kar a gindin dutsen yake, zafinsa irin na Makka ne, kuma yaro a cikin ruwa ba ya jin ƙishirwa, sai an fito da shi an ba shi. Wannan a bar shi sai bayan la'asar. Hanyar Al-Hada kuma kwana-kwana ce, kada a cika wa na tsakiyan ciki kafin a hau ta, a ajiye leda da tufafin canji kusa da hannu, gilashi kuma a rufe in kun tsaya wurin birai.