An hana ni haya saboda kiredit, ina zan ga abin da aka rubuta a kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata biyu a Amurka, ina aikina, ba wanda ke bina ko sisi. Na nemi hayar gida aka ce kiredit ɗina bai yi ba. Ina ake ganin wannan rahoto, kuma nawa ake biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba a biyan komai. Kamfanoni uku ne manya ke ajiye kiredit, wato tarihin bashin mutane, a Amurka: Equifax, Experian da TransUnion. Shafin da doka ta tanada don karɓar rahotonsu kyauta shi ne AnnualCreditReport.com. Da sau ɗaya ake bayarwa a shekara, yanzu kowane mako kana iya ɗauka. Ka rubuta adireshin da hannunka, domin akwai masu kwaikwayon sunan. Duk shafin da ya nemi lambar katin bankinka, ka fita, ba shi ba ne.

Za a nemi cikakken sunanka, ranar haihuwa, lambar Social Security (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa) da adireshin da kake, har da na baya idan ka yi ƙaura cikin shekara 2. Ka zaɓi ukun duka, don ba kowane banki ke kai bayani ga dukkansu ba. Sai a tantance ka, ko da lambar da za a turo wayarka, ko da tambayoyi irin su wane titi ka taɓa zama, wane banki ya ba ka rancen mota. Idan ba ka taɓa cin bashin ba, ka zaɓi amsar da ke cewa babu ko ɗaya. Masu cinke a nan suke faɗuwa. In an ƙi ka, ka nema ta gidan waya tare da kwafin katin shaida da takardar da ke nuna adireshinka. Mai lambar ITIN, wato lambar biyan haraji ta wanda ba shi da Social Security, shi ma ta wasiƙa zai bi. Da rahoton ya buɗe ka sauke shi ka adana kafin ka rufe shafin.

Duba shi da kanka ba ya rage maka makin kiredit, wato lambar da ke auna yadda kake biyan bashi. Amma makin, irin na kamfanin FICO da ke tashi daga 300 zuwa 850, ba ya cikin wannan rahoto; bankuna da yawa na nuna shi kyauta a manhajarsu.

Zatona, matsalarka ɗaya ce cikin biyu. Ta farko, rahoton wayam yake. Rashin bashi abin alfahari ne a wurinmu, amma mai gida a can so yake ya ga ka ci ka biya. Albashinka ba ya ciki, adashi ba ya ciki, kuɗin da kake tura wa iyaye duk wata ba ya ciki, tarihin bankinka na gida ma bai biyo ka ba. Maganinsa ƙaramin katin bashi mai jingina: ka ajiye, a ce, dala 200, ka riƙa sayen ɗan abu da shi, ka biya duka kafin ranar da aka yanka maka, ta haka kuɗin ruwa ba zai hau ba. Hukuncinsa a addini kuwa, malamai za ka tambaya. Sai asusu ya yi wata 6 kafin FICO ya fitar maka da maki.

Ta biyu ta fi cin rai: an haɗa ka da wani. Fasfo ya ce Muhammad, lasisin tuƙi ya ce Mohammed, banki ya ɗauki sunan mahaifinka ya mai da shi na tsakiya, ga masu suna irin naka rututu. Ka bi sashen sunaye da adireshi layi-layi. Unguwar da ba ka taɓa taka ba, ko katin da ba ka buɗe ba, alama ce ta cakuɗa ko satar bayanai. Ka shigar da ƙorafi a shafin kowane kamfanin da kuskuren ya fito, ka haɗa da hujja, ka kuma rubuta wa wanda ya kai bayanin. Galibi kwana 30 doka ta ba su su bincika. Abin da ya tabbata gaskiya ne, kamar jinkirin biya, yakan zauna shekara 7, kuma mai cewa ka biya shi ya goge maka, kuɗinka kawai zai ci. In sata ce, ka sa a kulle rahotonka a kamfanonin uku, don kada wani ya ci bashi da sunanka. Kyauta ne, kuma kana buɗewa duk sanda za ka nemi haya.

Ka koma wurin mai gidan ma. Tunda da rahoto ya dogara ya hana ka, wajibi ne ya faɗa maka kamfanin da ya ba shi, kai kuma kana da kwana 60 ka nemi kwafi kyauta. Wani lokaci ba ɗaya cikin ukun nan ba ne, kamfanin tantance 'yan haya ne, kuma a can kuskuren yake.