Tiyatar rage ƙiba bayan shekara 50: tambayoyinku da amsoshinsu

Saƙonnin wannan karon kusan duk kan tiyatar rage ƙiba suke, kuma yawancin masu tambayar sun haura shekara 50. Na haɗa masu kama da juna wuri guda. Hukuncin a yi aiki ko kada a yi kuwa, sai likitan da ya duba ku ido da ido.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 58, nauyina kilo 118, tsayina mita 1.64. Shekara 6 ke nan ina fama da ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwoyi sun hana ni sakat. 'Ya'yana sun ce na tsufa da shiga ɗakin tiyata. Ni kuwa burina in koma kilo 60 kamar lokacin da nake budurwa. Zai yiwu?

Amsa: Hajiya, bari mu fara da maganar 'ya'yanki. Shekara 58 ba ta hana aiki. Abin da ake dubawa shi ne ƙarfin zuciya da huhu da ƙoda, da ko mutum na iya tashi ya taka da ƙafarsa ya yi wa kansa hidima. Ƙa'idojin da manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sabunta a 2022 ba su yanke wata shekara da za a ce daga nan an rufe ƙofa ba. Sun ce duk wanda ma'aunin ƙibarsa na BMI ya kai 35 ya cancanta, haka ma mai 30 zuwa sama idan yana da ciwon suga irin na manya. Lissafin ba wuya: a ninka tsayi da kansa, a raba nauyi da abin da aka samu. Naki ya ba da kusan 44. Kin wuce layin da nisa.

Kilo 60 ɗin nan kuwa, ki cire shi daga ranki tun yanzu, don kada aikin ya yi kyau ke kuma ki zauna kina ganin an cuce ki. Abin da aka saba gani shi ne mutum ya zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa, wani ya ɗan haura haka. A wajenki kilo 30 zuwa 35 ke nan, wato ki tsaya tsakanin kilo 83 da 88. Masu shekaru irin naki sukan rage ƙasa da abin da matasa ke ragewa, saboda tsoka ta ragu, jiki ba ya ƙona abinci kamar da, zirga-zirga ma ta yi ƙasa. Ramar tana sauri a wata 6 na farko, ta lafa, ta tsaya tsakanin wata 12 zuwa 18. Daga shekara ta 2 zuwa ta 5 mutane da yawa kan mayar da 'yan kiloli. Wannan sananne ne, ba ya nufin aikin ya lalace.

To me za ki samu? Suga yakan sauka tun a makonnin farko, kafin ma a ga rama a jiki, domin aikin na sauya sinadaran da hanji ke fitarwa. Wanda ciwonsa bai daɗe ba, kuma bai kai ga allurar insulin ba, shi ya fi samun damar ajiye magani baki ɗaya. Wanda ya shekara 15 yana allura, yawanci ragi zai samu. Ko wanda ya ajiye maganin, ciwon na iya dawowa bayan shekaru, don haka awon suga ba ya ƙarewa. Hawan jini yakan yi sauƙi, amma da yawa suna ci gaba da shan ƙwaya ɗaya a maimakon uku. Minshari mai ɗauke numfashi cikin barci yana raguwa sosai. Gwiwa kuma, duk kilo 1 da kika zubar yana sauke mata nauyin kusan kilo 4 a kowane taku, zafin zai ragu. Sai dai guringuntsin da ya riga ya cinye ba ya tsirowa. Mai buƙatar dashen gwiwa zai iya ci gaba da buƙatarsa, amma aikin zai fi zuwa masa da sauƙi.

Akwai wani dogon bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, a kan mutane masu shekara 37 zuwa 60. Rahotonsa na 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyatar sun fi takwarorinsu da ba a yi wa ba tsawon rai da kimanin shekara 3. Rai a hannun Allah yake, amma wannan sakamako ne da ya kamata 'ya'yanki su ji.

Haɗari yana nan, ba zan ɓoye miki ba. A cibiyoyin da suka ƙware, mutum 1 zuwa 3 cikin 1,000 kan rasu a watan farko, kuma adadin na ƙaruwa ga mai shekaru da mai ciwon zuciya. Manyan abubuwan tsoro su ne yoyon ɗinki, zubar jini, da gudan jini da kan taso daga ƙafa ya toshe huhu. Shi ya sa ake tayar da mutum ya taka a ranar da aka yi aikin, a kuma yi masa allurar tsinka jini. Abin da ya fi damuna da masu shekarunki shi ne tsoka da ƙashi. Jiki mai saurin rama ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, kuma macen da haila ta ɗauke mata ƙashinta ya riga ya fara laushi. Dole ki samu furotin giram 60 zuwa 80 kullum daga ƙwai, kifi, kaza, madara ko wake, ki riƙa tafiya, ki riƙa motsa jiki mai sa tsoka aiki, ko da tashi da zama daga kujera ne sau 10 a jere, safe da yamma. Ki nemi a yi miki hoton ƙwarin ƙashi kafin aiki da bayan shekara 2. Kada ki yarda da wurin da zai yi miki aiki ba tare da awon zuciya, duba ciki da na'ura, da tsarin ganin likita bayan sallama ba.

Tambaya: Ita ce tiyatar da ake zuƙe kitse?

Amsa: A'a. Zuƙe kitse gyaran siffa ne a ƙarƙashin fata, ba ya taɓa suga ko hawan jini. Wannan kuwa a tumbi da hanji ake yin ta, ta ƙananan huji 4 ko 5 a ciki.

Tambaya: Shekarata 61, ina da ƙwannafi mai tsanani da ke tashina cikin dare. Wane irin aiki ya dace da ni?

Amsa: Alhaji, manyan ayyukan biyu ne. A na farko ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar shi siriri kamar ayaba. A na biyu, wanda ake kira baifas, ana ware 'yar jaka mai cin kamar cokali 2 a saman tumbi, a jona ta da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Na farko yakan ƙara ƙwannafi, na biyu yakan kashe shi. Don haka baifas ya fi kusa da kai, amma sai an zura na'ura an ga halin da maƙogwaronka da tumbinka ke ciki. Idan kana shan taba, ka bari aƙalla mako 6 kafin aiki, kuma kada ka koma.

Tambaya: Ina tsoron wuƙa, shi ya sa na koma shan shayin rage teɓa da wasu ƙwayoyi da aka ce na ganye ne zalla. Na rage kilo 4 a mako guda, sai dai ina yawan zawo da jiri, zuciyata na bugawa da ƙarfi. Shekarata 55, ina shan maganin hawan jini da metformin na ciwon suga. In ci gaba?

Amsa: Ki daina yau ɗin nan, Hajiya, ki je asibiti a auna miki ƙoda da gishirin jini, ki tafi da kwalin a hannunki. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Mutum ya guji aikin da aka san haɗarinsa dalla-dalla, ya rungumi garin da ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki, don kawai an rubuta "ganye" a jikin leda!

Kilo 4 da kika gani ruwan jikinki ne ya tsiyaye, kitsen yana nan inda yake. Yawancin irin wannan shayi ganyen filasko ne mai sa gudawa, wani a haɗa da maganin sa fitsari. Gudawar tana tafiya da sinadarin fotasiyam, wanda da shi zuciya ke daidaita bugunta, kuma bugun da kike ji na iya zama daga nan yake. Ga ki da maganin hawan jini, wanda wani nau'insa shi ma yana fitar da ruwa. Idan ruwa ya ƙare a jiki ƙoda takan tsaya, idan ƙoda ta tsaya metformin ya taru a jini, ya zama guba. Ba a nan abin ya tsaya ba. An sha kama irin waɗannan ƙwayoyi da sibutramin a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai shekara 55 da hawan jini ita ce ta farko da zai kayar.

Tsoron tiyata ba laifi ba ne, kuma ba wanda zai tilasta miki. Akwai wasu hanyoyin da likita zai tattauna da ke. Amma idan jiri ya ƙaru, ko fitsari ya ragu, ko ƙirji ya riƙe, kada ki jira gari ya waye.

Tambaya: Alluran rage ƙiba na mako-mako ba za su wadatar ba?

Amsa: Ga wasu suna wadatarwa. Semaglutide kan rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi, tirzepatide kusan kashi 20. Da an daina, yawancin nauyin yakan dawo. A hannun likita kaɗai ake karɓarsu, domin jabunsu sun yi yawa.

Tambaya: An yi wa mahaifiyarmu aikin mako 4 da suka wuce, shekararta 63. Kwana 12 ke nan duk abin da ta ci sai ta amayar. An ce mana haka abin yake, shi ne ke sa rama. Jiya ta fara mantuwa, tafiyarta kuma tana tangaɗi.

Amsa: Ku ajiye komai ku kai Mama asibiti yanzu. Wanda ya ce muku amai ne ke sa rama ya yi muku mummunar ɓarna. Amai sau ɗaya don an yi saurin haɗiya abu ne da ake gani. Aman da ya wuce kwana 2 kuwa alama ce ta matsala: ko mahaɗar da aka ɗinke ta tsuke, ko gyambo ya fito, ko hanji ya toshe. Ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce ta mako 2 zuwa 3, kuma idan ta ƙare ƙwaƙwalwa take taɓawa. Mantuwa, tangaɗi, da gani bibbiyu ko rawar ido su ne alamominta. Idan aka yi allurar B1 ta jijiya da wuri ana warkewa, idan aka makara lahanin na iya zama na dindindin. Ku faɗa wa likitan da ya karɓe ku irin aikin da aka yi mata da ranar da aka yi, ku kuma tuna masa a ba ta B1 kafin a ɗaura ruwa mai suga, domin suga na ƙarasa cinye ɗan abin da ya rage.

Ga sauran masu jinya, ga yadda cin abinci ke tafiya: mako 2 na farko ruwa-ruwa kawai, mako 2 na gaba abin da aka niƙa ya yi laushi kamar na jariri, sannan abinci mai taushi, sai wajen mako na 6 zuwa na 8 a koma na kullum. Cokali 3 ko 4 a zama ɗaya, a tauna sosai, a ɗauki minti 20 ana ci. Ruwa lita 1.5 a yini, kurɓi-kurɓi, kuma ba a haɗa shi da abinci, sai an ba da tazarar minti 30. Bugun zuciya da ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa ɗaya, ko baƙin bayan gida: kowanne daga ciki asibiti ne nan take.

Tambaya: Wata 4 da aiki, gashina na zuba. Zai dawo?

Amsa: Zai dawo. Yakan zuba tsakanin wata na 3 da na 6. Ki cika furotin, a duba miki sinadarin ƙarfe da zinc.

Tambaya: Shekara 3 da yi mini baifas, lafiyata ƙalau, sai na daina shan bitamin. Yanzu tafin ƙafata na sagewa, ga kasala.

Amsa: Malam, bitamin ɗin nan na har abada ne, an kuma faɗa maka tun farko. Sashen hanjin da aka tsallake shi ne ke tsotse ƙarfe da kalsiyam, tumbin da aka rage kuma shi ke taimakawa wajen karɓar B12. Hanta na ajiye B12 na shekaru, shi ya sa ka daɗe ba ka ji komai ba. Ka je a auna jini cikin makon nan, kada jijiyoyin su lalace. Abin da aka saba bayarwa: haɗaɗɗen bitamin kullum, kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rarrabe, bitamin D, B12 ta baki ko allura, da maganin ƙarin jini. A raba kalsiyam da na ƙarin jini da awa 2, don ɗaya na hana ɗaya shiga. Awon jini kuma sau ɗaya a shekara, ko kana jin garau.

Tambaya: Zan iya ci gaba da shan diclofenac saboda gwiwa bayan aiki?

Amsa: A'a. Shi da ibuprofen da piroxicam suna haƙa gyambo a bakin ɗinki, har ya huje ko ya yi jini. Farasitamol za ka sha, in bai isa ba ka koma wajen likita.

Tambaya: Fatar da za ta saki fa, za ta koma?

Amsa: Bayan shekara 50 da wuya ta koma duka. Ana iya yanke ta idan nauyi ya tsaya cak, yawanci bayan wata 18. Kafin nan a riƙa busar da lungunan fatar don gudun ƙaiƙayi da gyambo.

Tambaya: Sati 2 da aiki, sugana ya sauka zuwa daidai. In ajiye insulin da maganin hawan jini da kaina?

Amsa: Kada ka ajiye da kanka, kada kuma ka ci gaba da tsohon adadi. Insulin da ƙwayar suga ta glibenclamide na iya faɗar da suga ƙasa warwas yanzu da cinka ya ragu, maganin sa fitsari kuma ya busar da kai. Ka riƙa auna suga sau 4 a yini, ka rubuta, ka kai wa likitanka cikin kwana 2 ya gyara maka adadin. In ka ji gumi, rawar jiki ko duhun gani, ka auna nan take, ka sha ɗan abu mai zaƙi idan ya yi ƙasa da 70 mg/dL, sannan ka kira shi a ranar.