Tambaya da Amsa: Makunnin Zuƙar Iska na Tsohuwar Motar Dizal

Tambaya: Malam, makunnin zuƙar iska na tsohuwar motata mai injin dizal ya lalace, kuma an daina ƙera irinsa. Yaya zan yi?

Amsa: Wannan makunni shi ke kunna fitilar gargaɗin birki idan ƙarfin zuƙar iska (vacuum) da ke taimaka wa birki ya ragu. Ka fara bincikar tiyo da famfon zuƙar iska, domin a motar dizal famfon ne ke samar da wannan zuƙar iskar, kuma tsagewar tiyo ɗaya ta isa ta kunna fitilar gargaɗin birki. Idan makanike ya gwada makunnin da mita ya tabbatar ya mutu, gara ka nemi na gama-gari wanda ake iya saitawa, muddin matakin zuƙar iskar da yake kunna fitilar a kai ya dace da na asali. Kada ka yarda a tsallake shi, domin shi ke sanar da kai birki zai yi tauri.